Kwalaben Bayan Randa

Saura kaɗan in bar wannan labari a cikina. Karatuna na lakwal, wato boko, bai yi nisa ba, kuma ni ko a tsakar gida ba a jin maganata sai an matso kusa. Ga shi mutanen da zan ambata duk namu ne, kwano ɗaya muke sa hannu. Na ɗauki alƙalami na ajiye ya fi a ƙirga. Amma abin ya ƙi barina, shi ya sa na zauna. Sunana Salamatu, ni ce autar gidan. Labarin kuwa na Saratu ne, matar yayana Idrisa. Abin da na gani da idona na sa, abin da ban gani ba ita ta gaya mini tana yi mini kitso.

Shekarar farin nan ce ta lokacin soja, wadda gero ya kawo iya gwiwa ya tsaya ya bushe a tsaye. Idrisa ya tafi Kano cin rani, yana can aka rufe iyaka, sai dai saƙon gaisuwa a bakin mutane. Gida ya koma hannun babban wanmu, Bawa, mutum mai fara'a da son a ce ya iya. Shi ne ke ciyar da kowa, kuma da kananzir yake ciyarwa. Yakan bi hanyar daji ta bayan Ɗan Barto da kekensa, ya shigo da shi Matameye, masu fitila su saya kaɗan-kaɗan.

Da ƴan duwan, masu binciken kaya a kan iyaka, suka matsa da kama jarka, sai Bawa ya yi dabara. Ya tara korayen kwalaben lemo, ya riƙa zuba kananzir a ciki, ya toshe bakin da totuwa. Ya jera su a rumfar mata, can bayan randa, inda ƙasa ke da sanyi kuma ba namijin da zai leƙa. Ya yi ta yabon kansa a kan wannan.

"Ko shugaban duwan ne ya shigo," in ji shi, "sai dai ya ce a buɗe masa ɗaya ya jiƙa maƙoshi."

Ita randar kuwa a rufe take. Rijiyoyi sun yi ƙasa, ruwa sai an bi layi, don haka Inna, uwarmu, ta kife faifai a bakin randa ta ɗora dutse a kai, kada yara su yi ɓarna. Mai jin ƙishi sai ya nemi babba. Haka gidan ya zauna duk bazarar nan: ruwa da dutse a kai, kananzir da totuwa.

Saratu tana da ɗa ɗaya, Inusa, bai cika shekara huɗu ba. Ɗan fari ne, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, in ya faɗi ba ita ke rugawa ba. Tun da aka yaye shi a ɗakin Inna yake kwana. Inna tana ce masa Angona, shi kuma yana ce mata tsohuwar amarya mai haƙori uku. Saratu in ta matsu sai ta ce "yaron nan" ko "mijin Inna", tana kallon wani wuri. Unguwa duk ana yabon kunyarta.

Inusa ya taɓa shan lemo sau ɗaya, da wata sallah da ubansa ya kawo. Tun daga ranar, duk korar kwalbar da ya gani sai ya ce, "Baba ya kawo." Wannan kalma ce ta hana Saratu sakewa. Tana surfe tana satar kallonsa, ta ga ya tsuguna bayan randa yana shafa kwalaben kamar mai gaisawa da abokai.

"Inna," ta ce wata rana, "yaran nan suna yawan zuwa bayan randa."

"Yaran nan ko yaron nan?" in ji Inna tana dariya. "Faɗi sunansa mu ji."

Saratu ta sunkuyar da kai, matan gida suka yi ta dariya, magana ta wuce a wasa.

Ta jira Bawa ya gama cin abinci, ta durƙusa daga nesa.

"Yaya, da za a canza wa kwalaben can wuri."

"A kai su ina? Zaure, inda kowane mai hula zai gani?"

"Ko a sama, Yaya. Saboda yara."

"Ke Saratu, wa ya taɓa shan kananzir? Warinsa kaɗai ya isa ya kori jaki. Mu ma a cikin fitilu muka girma, ga mu nan da ƙafafunmu."

Da ta ga haka sai ta koma yin abin da hannunta zai iya. Ta yayyaga tsohon zane ta ɗaure bakin kwalaben da zare. Inusa ya sa haƙori ya kwance ɗaya a gabanta, ya miƙo mata tsumman yana murna kamar ya yi mata aiki. Ta kwashe su ta rataye a ragaya. Washegari ta same shi ya kifa turmi ya hau, yana miƙa hannu. Matar Bawa kuma ta yi ƙorafi, ta ce ita da goyon ƴarta Fati ba za ta riƙa ɗage-ɗage ba duk lokacin da aka aiko sayen na fitila. Kwalabe suka koma bayan randa.

Akwai wani tsoho a bakin kasuwa, Baba Tanko, mai gyaran fitila da bokiti, ɗan garinsu Saratu ne. Ita ke yi wa matarsa da ƴaƴansa kitso. Ranar da ta je, ta tsaya a zaurensa ta ga garewani na man taimako da aka raba wa mutane, ya tara yana yanka su yana yin mazurari.

"Baba, za a iya yi wa garwa murfin da yaro ba zai buɗe ba?"

"A sa kwaɗo mana."

"Makulli zai ɓata, ko a bar shi a jiki. Kuma mai kwalaben ba zai yarda ya riƙa neman makulli ba. Wanda babba zai buɗe nan take nake so, yaro kuwa ya kasa."

Baba Tanko ya cire tabarau ya dube ta. "Ke kina neman ƙofar da ta san shekarun mutum."

"Ita nake nema, Baba."

Abin ya ba shi sha'awa, ga kasuwa ba ciniki. Suka shirya a kan za ta yi wa gidansa kitso har sallah. Ya yanke saman garwa, ya yi mata murfi da ƴar sakata. Saratu ta kawo ta gida, ta zuba dabino a ciki, ta tara yaran unguwa ta ce duk wanda ya buɗe nasa ne. Ba ta rufe baki ba Inusa ya zare sakatar, ya cika kumatu.

Ta mayar. Baba Tanko ya yi wata sakatar mai tauri, sai an sa ƙarfi. Yara suka yi ta fama suka kasa, Saratu har ta fara murmushi. Sai ta miƙa wa Inna. Inna ta ja, ta murɗa, ta sa gefen zane ta sake ja, har goshinta ya yi gumi.

"Wannan yara aka yi wa ko ni?" ta ce. "Ɗauke tsiyarki. Abin da sai an kira ƙato ya buɗe, a buɗe za a bar shi."

Saratu ta ga gaskiyar tsohuwa. Ta yi kwanaki tana juya abin a ranta. Wata safiya tana kallon Inusa yana son ɗaukar ƙwaryar wanki. In ya kama wannan gefe wancan ya kuɓuce, in ya kama wancan wannan ya faɗi. Hannuwansa ba sa yin aiki biyu a tare in abin ya yi faɗi. Ta ajiye tsintsiya ta yafa mayafi.

"Baba, a bar ƙarfi. A yi harsuna biyu masu taushi, ɗaya a wannan gefe ɗaya a wancan. Sai an danna su tare, sannan a tura murfin sama da manyan yatsu. In an saki ɗaya ya koma ya kama."

Baba Tanko ya auna garwar da tafin hannunsa. Sannan ya ce ta dawo bayan la'asar.

Ranar gwajin nan gidanmu ya zama kamar gidan biki. Yara suka taru har da na bayan masallaci. Suka danna gefe ɗaya, suka ja, suka mirgina garwar har bakin zaure suka dawo da ita. Wani ya hau kai ya yi tsalle. Wata ta sa haƙori. Biyu suka haɗa kai, wannan ya danna wancan ya saki, suka ƙare da kokawa. Inusa ya kwanta ya sa ido a ƴar kafar murfin yana kiran dabinon da hannu. Da suka gaji, Inna ta jawo garwar gabanta, ta danna, ta tura, murfi ya tashi ba wata wahala. Ta kwashe dabinon ta zuba a bakin zanenta.

"An ce wanda ya buɗe nasa ne," ta ce, yara suna bin ta suna ihu.

Saratu ta wanke garwar, ta jira Bawa. Ya danna ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Kai, wannan aiki ya yi. Wa ya koya miki?"

"Kwalaben za su shiga duka, Yaya. Na gwada da wofi."

Sai fuskarsa ta ɗan canza. "To ai nan ne matsalar. Kwalbar lemo a bayan randa ba wanda zai kula. Amma garwa mai wannan murfi, duk wanda ya gani ya san akwai abin da ake ɓoyewa. Kin yi wa ɗan duwan alama ke nan."

"Sai a rufa mata buhu."

"Kuma gobe a ce a majalisa matar ƙanena ce ke tsara mini sana'a. Ki dai riƙa kula da ɗanki, shi ne murfin da ya fi."

Garwar ba ta yi asara ba. Inna ta ɗauke ta ta kai ɗakinta, ta zuba goronta da sukarinta, waɗanda yara suka daɗe suna yi wa ɓarna. Daga ranar ko ƙwaya ɗaya ba ta sake ɓata ba. Duk baƙuwar da ta zo sai Inna ta nuna mata, ta ce surukarta ce ta ƙirƙiro.

Abin ya faru da rana tsaka, zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa. Mata suna dakan jar dawar taimako, har da maƙwabta biyu da suka shigo aron turmi. Inusa ya dawo daga wasa ya nufi randa. Ya tura dutsen, bai motsa ba. Ya kira Inna, tana bayan gida. Ya dubi uwarsa, ita kuma ga mutane, ta ce a ranta bari ta kai wannan dakan ta ce wa wani ya ba shi. Taɓarya ta sauka ta tashi, sai aka ji tari.

Yana tsaye da korar kwalba a hannu, totuwa a ƙasa, gaban rigarsa a jiƙe. Tarin ya ƙi tsayawa, idanunsa sun firfito. Saratu ta saki taɓarya ta yi taku biyu, sai ta ji idon maƙwabta a bayanta, ƙafarta ta tsaya da kanta.

"Inna," ta ce, "ga shi can."

Inna ta fito da gudu ta sure shi. Aka kawo manja aka ɗura masa, aka kawo nono aka ƙara. Wata maƙwabciya ta ce a sa masa yatsa ya amayar, Inna ta sa. Ya yi amai, ya shaƙe, ya sake yi, duk tsakar gida warin kananzir. Da ya lafa ya yi laushi a kafaɗar Inna, kowa ya ce alhamdu lillahi ya fita.

Bawa ya dawo ya ɗaga kwalbar ya duba a rana.

"Kurɓa ɗaya ce. Ai wasu ma da gangan suke ba yara don tsutsar ciki. Gobe za ku gan shi yana bin awaki."

Gobe ta zo, Inusa bai bi awaki ba. Jikinsa ya yi zafi, tarin ya koma ciki. Ya sha kunu kaɗan ya ture. Inna ta ce, "Angona, ko fushi kake da ni in tafi gidanmu?" Ya yi ɗan murmushi ya ce ta tafi, amma bai ƙara da zancen haƙori uku ba.

Saratu ba ta da dalilin shiga ɗakin surukarta sai ta ƙirƙiro. Ta shiga shara. Ta shiga aron ludayi, ta dawo da shi, ta sake shiga aron wani. Kowane shiga sai ta saci kallon tabarmar. Ta ga yadda fatar tsakanin haƙarƙarinsa ke shiga ciki in ya ja numfashi, hancinsa yana buɗewa yana rufewa.

Ta sami Bawa a zaure. "Yaya, da an kai shi likita."

"A ce musu me? Ya sha kananzir? Su ce ina aka samu, waye mai shi, ta ina ya shigo? Kafin la'asar jandarma sun cika gidan nan. Zazzaɓi ne na zafin rana, duk yaran gari suna yi."

Aka karɓo rubutu wurin malam aka ba shi. Aka yi masa turare da saiwoyi, hayaƙin ya sa shi tari har ya yi shuɗi, Inna da kanta ta fitar da kaskon. Bawa kuwa kowace rana da sabon bayani. Ran nan ya ce baki ne, yaron ya cika wayo mutane sun sa masa ido. Ran nan ya ce laifin mata ne, mutum nawa a tsakar gida a rasa mai kallon yaro ɗaya. Da ya ga Inna ba ta taya shi ba, sai ya sassauta murya.

"Inna, in aka kama ni wa zai ciyar da ku? Idrisa yana can, rumbu ba ko zangarniya. Mutum nawa ne a wuyana? Ku yi haƙuri ya ɗan ƙara kwana, zai warware."

Wannan maganar gaskiya ce, shi ya sa ta fi sauran nauyi. Inna ta share ido ta ce Allah ya kawo sauƙi. Saratu ta koma bakin murhu. Tuwon da take tuƙawa ma da kuɗin kwalaben aka sayi kukarsa.

Bawa ba mugu ba ne a ganin kansa, yana son yaron. Wata rana ya shigo da fara'a, hannunsa a bayansa, ya tsuguna gaban tabarma.

"Inusa, tashi ka ga abin da na kawo maka."

Ya fito da lemo na gaske, mai sanyi, a korar kwalba. Yaron ya buɗe ido ya gani. Ya juya fuskarsa bango, ya fara wani kuka marar sauti, ƙirjinsa yana ƙugi. Bawa ya tsaya da kwalbar a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Daga baya ya fita da ita, a zaure ya ce wa abokansa yaron ya samu sauƙi har yana ƙyuya.

Ranar kasuwa da hantsi Saratu ta shiga ɗakin ba tare da ta nemi dalili ba. Inna tana zaune ta ɗora kan yaron a cinya. Leɓensa ya yi duhu, numfashin gajere-gajere kamar na ɗan tsako.

"Tun asuba bai ce komai ba," in ji Inna. Ta girgiza shi a hankali. "Angona. Angona, ga amaryarka."

Bai motsa ba. Saratu ta durƙusa. Ta kai hannu ta taɓa goshinsa a gaban surukarta, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Inusa," ta ce.

Sunan ya fito mata baƙo a baki. Yaron ya ɗaga fatar ido, ya dube ta kamar yana mamakin ashe ta san shi.

"Inusa, ni ce. Tashi mu tafi."

Ta ɗauke shi daga cinyar Inna ta goya, ta ɗaure da majanyi.  Inna ta jawo mayafinta ta miƙa mata, ta ce ta rufa masa kai saboda rana.

Bawa yana zaure yana ɗaure kaya a keke. Ya miƙe ya tsaya a ƙofa.

"Ina zuwa?"

"Likita, Yaya."

"Da izinin wa? Mijinki ba ya nan, ni ne a madadinsa."

"To ka ba ni izinin."

"In suka tambaye ki me ya sha fa?"

"Zan faɗi abin da ya sha."

"Saratu, kin san abincin da kike ci a gidan nan daga ina yake fitowa?"

"Na sani, Yaya. Na ci, na gode. Shi ma ga shi ya sha."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dube shi ba. Ta matso kawai, kan yaron yana lilo a bayanta. Bawa ya dubi leɓen nan, ya ja kekensa gefe.

Hanyar likita ta tsakiyar kasuwa ta bi. Mata masu sayar da kuka da daddawa suka bi ta da kallo, ga Saratu mai kunya da ɗan fari a baya tana sauri tana yi masa magana. Ita ba ta ga kowa ba. A likita ta tarar da layi har waje, yawanci mutanen da fari ya koro daga arewa. Wata Buzuwa ta leƙa fuskar yaron, ta yi magana da yarensu, layin ya buɗe mata.

Babban ma'aikacin wurin, wanda muke kira majo, ya sa abin sauraro a ƙirjin yaron ya daɗe.

"Me ya sha?"

"Kananzir."

"Yaushe?"

Ta faɗa masa. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Kun sa shi amai?"

"An sa."

Ya yi tsaki a hankali. Ya ce aman nan ne ya tura abin cikin huhu, da an bar shi an kawo shi a ranar, da abin ya fi sauƙi. Ya ce kusan kowane mako sai an kawo masa irin wannan, kuma kullum labarin ɗaya ne, kwalbar lemo. Ya yi masa allura, ya ce a ba su gado.

Saratu ta zauna tana jiran sauran tambayar, ta ina aka samu da waye mai shi. Har aka sallame su ba wanda ya yi ta. Ba jandarma ko ɗaya da ya taka ƙofar gidanmu.

Inusa ya rayu. Ya dawo gida wuyansa kamar zare, kuma har yau in ya yi ɗan gudu sai ya tsaya ya dafa gwiwa, ƙirjinsa yana fito. Yaran da suka yi kokawa a kan garwa tare da shi suna bin awaki har bayan gari, shi yana zaune a bakin zaure yana gaya musu ta inda akuyar ta bi.

Ranar da suka dawo Bawa ya shafa kansa ya dubi mutane. "Ban ce muku zai warke ba?"

Unguwa kuwa ta samu abin magana. A bakin rijiya, a gidan suna, a wajen daka, zancen ɗaya ne: Saratu ta kira sunan ɗan fari a gaban uwar mijinta, ta goya shi ta ratsa kasuwa, ta yi wa wan miji magana a tsaye. Wata ta ce ƴan matan yanzu ido ya buɗe. Wata ta ce dama kunyar ta munafunci ce. Na zauna a wuraren nan ina ji, ina jira wata ta ambaci kwalba ko totuwa, ko ta tambayi dalilin da ya sa yaro mai ƙishi ya sami kananzir kafin ya sami ruwa. Ba wadda ta tambaya. Saratu ba ta tanka wa kowa ba. Ba ta kuma koma cewa "yaron nan" ba, Inusa take cewa, ko a gaban wa.

Kwalaben sun yi ɗan hutu a ɗakin Bawa lokacin da ake jinya. Da hankali ya kwanta matarsa ta ce wari yana hana ta barci, sai ga su sun dawo bayan randa ɗaya bayan ɗaya, da sababbin totuwa. Garwar Saratu tana ɗakin Inna tana gadin goro.

A cikin kwanakin nan Fati, ƴar Bawa, ta fara rarrafe. Wata la'asar ina tankaɗe na ɗaga kai, na hango ta ta bi sanyin ƙasa har bayan randa. Ta kama wuyan kwalba da hannu biyu tana kai totuwar baki, don tana haƙori. Na ɗauke ta na kai wa uwarta. Uwar ta ce, "Kai, Fati akwai ƙiriniya," ta ci gaba da tsinke zogale.

Washegari da safe, bayan an sha kunu, na shiga ɗakin Inna na jawo garwar. Na danna harsunan biyu na buɗe, na juye goron da sukarin a faifai.

"Ke auta, goron nawa fa?" in ji Inna.

"Ki sa a ƙarƙashin matashi, Inna."

Ta dube ni, don ba ta saba jin na mayar da magana ba. Ba ta hana ni ba. Na fito da garwar tsakar gida, kowa yana kallo, har Yaya Bawa da ke wanke baki a bakin rumfa. Na ɗauki kwalaben ɗaya-ɗaya na jera a ciki, duka suka shiga kamar yadda Saratu ta ce. Na rufe, na ji harsunan sun kama. Na cika moɗa da ruwa na ajiye a ƙasa inda gajeren hannu zai kai. Dutsen da ke kan randa kuwa na ɗauke shi na ɗora a kan garwar.